Katako ko Sauti: Zaɓen Hedifon Mai Tsada Tsakanin Fostex, Denon, Audio-Technica, ZMF da Grado

Wanda ya kai ga tunanin zuba dala dubu ɗaya da rabi ko dubu biyu a kan hedifon ya wuce matakin da za a ce masa ai duk ɗaya ne. Ya san ba ɗaya ba ne. Abin da ke hana shi barci daban ne. Ya ga hoton Fostex ja wur yana sheƙi kamar yanzu aka tsamo shi daga ruwa, ya ga na Audio-Technica baƙi mai ratsi-ratsi, ya ga na ZMF da kowanne zanen katakonsa ya sha bamban da na ɗan'uwansa, sai ido ya riga kunne yanke hukunci. Daga nan kuma sai ya shiga neman hujjar da za ta kwantar masa da hankali cewa wanda ya fi kyau a ido shi ne ya fi daɗi a kunne.

Ga inda na tsaya tun kafin mu yi nisa. Katako yana taɓa sauti, amma shi ne na ƙarshe a layi. 'Yar lasifikar da ke ciki, da matashin da ke kewaye kunne, da abin da aka cusa a cikin ƙoƙon da ke rufe kunne don ya shanye amsa-kuwwa, da kuma ko bayan a buɗe yake ko a rufe, duk sun sha gabansa. Inda katako ke da baki sosai shi ne nauyi, da irin kular da abin zai nema, da daɗin da mutum ke ji idan ya ɗauke shi a hannu. Wannan daɗin ba abin rainawa ba ne. A dai san abin da ake biya wa kuɗi.

## Ma'aunan da za a bi

Sauti shi ne farko, kuma hawa uku gare shi. Akwai na ƙasa, wato bes, inda babbar ganga da kaurin jita suke. Akwai na tsakiya, gidan muryar mutum da piyano da goge. Sai na sama, inda ƙarar farantin ƙarfe na mai ganga take, da harafin "s" a bakin mawaƙi. A wannan farashin da wuya ka samu mai mummunan sauti. Bambancin na hali ne: wani ya ɗaga ƙasa da sama ya ja tsakiya baya, wani ya kawo murya daf da kai, wani ya sassauta sama don kada kunne ya gaji. Minti biyar na farko sukan yaudari mutum, domin mai ƙyalli a sama shi ke burgewa nan take. Tambayar da ta fi amfani ita ce, bayan awa biyu, hannunka zai kai ga rage murya ko ga ƙarawa?

Na biyu, buɗaɗɗen baya ko rufaffe. Buɗaɗɗe yana barin iska ta wuce, sai ka ji filin kiɗan ya yi faɗi, amma duk wanda ke ɗakin zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji shi. Rufaffe yana riƙe sautin a ciki, kuma yawanci bes ɗinsa ya fi nauyi. Wannan ma'aunin kaɗai yakan zubar da rabin jerin tun kafin a zo maganar katako.

Na uku, katakon kansa, kuma a nan ne aka fi ruɗar mutane. Ana yawan kwatanta ƙoƙon hedifon da jikin jita, alhali aikinsu kishiyar juna ne. Katakon jita ana so ya girgiza, domin shi ke fitar da amon. Ƙoƙon hedifon kuwa ana so ya yi shiru gwargwadon iko, ya bar fatar lasifika, wato siririn bangon da ke girgiza ya haifar da sauti, ta yi maganarta. Sautin da ke fita ta bayan wannan fatar yana dukan bangon ƙoƙon ya dawo, kuma yadda zai dawo ya danganta da taurin katakon da siffar ramin da abin da aka shimfiɗa a ciki. Masu ƙerawa kan ce katako mai tauri yana sa sauti ya yanke da sauri, mai taushi kuma ya bar shi ya ɗan ja. Akwai gaskiya a ciki, amma ƙarama ce, kuma a buɗaɗɗen hedifon ta ƙara ƙanƙancewa, tunda yawancin sautin bayan ya fice ta raga. Kamfanin Denon ya ba da misali mai kyau ba da niyya ba: yana da AH-D5200 na katakon zebrano, da AH-D7200 na wolnot, da AH-D9200 na gora, kuma sautinsu ya bambanta. Sai dai lasifikokin da ke cikinsu ma ba iri ɗaya ba ne. To, da wace hujja za a ce katakon ne ya yi aikin?

Sauran ma'aunan gajeru ne. Nauyi, domin gram 400 da gram 600 ba ɗaya ba ne a wuya bayan awa uku. Wutar da yake buƙata, wadda ake hasashe daga adadin om, wato ma'aunin yadda yake turje wa wutar lantarki: mai om 24 ko 40 ƙaramar na'ura ma takan ishe shi, mai om 300 kuwa yana son amfilifaya ta gaske, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, kuma kuɗinta ya shiga lissafi. Gyara: ana cire waya? Ana samun matashin kunne idan ya tsufa? Sai farashi, da haɗarin da ke tattare da sayen.

## Fostex TH900mk2

Idan kyau kaɗai ake aunawa, da an rufe gasar a nan. Ƙoƙon an yi shi da wani icen Japan da ake kira mizume, sannan aka shafe shi da urushi. Urushi ba fenti ba ne. Ruwan jikin wata bishiya ne da ake tatsa, a shafa siriri, a bari ya kama, a goge, a sake shafawa, hawa bisa hawa. Abin mamakinsa shi ne ba a busasshiyar iska yake bushewa ba, sai a ɗaki mai ɗumi da laima. Ɗanyensa yana sa fata ƙuraje, amma idan ya gama kamawa yakan yi tauri ƙwarai. Ka riƙe ƙoƙon a ƙarƙashin fitila ka juya shi a hankali, za ka ga jan ba a sama yake ba, kamar a can ƙasa yake, ƙarƙashin wani gilashi mai zurfi. Ka ɗora yatsa kuwa, shatin yatsan zai zauna yana kallonka har sai ka nemo ƙyalle mai laushi.

Lura da wani abu: wannan shafen ya rufe zanen katakon kusan gaba ɗaya. Wanda ke son ganin jijiyar ice ba nan zai same ta ba. Aikin mai shafe ake saye, ba na bishiya ba.

A ciki akwai lasifika mai faɗin milimita 50, da maganaɗisu mai ƙarfi sosai, kuma om 25 ne kawai. TH900 na farko ya fito a 2012, mk2 kuma ya biyo baya a 2016 da wayar da ake iya cirewa. Sautinsa ba ya ɓoye halinsa. Bes ɗin yana sauka can ƙasa, mai tsabta, mai duka, irin wanda kake ji a ƙashin muƙamuƙi. Saman yana da kaifi da ƙyalli. Tsakiyar ce ta ja da baya, sai mawaƙi ya zama kamar ya tsaya bayan masu kiɗa. Ga kiɗan lantarki da na fim, daɗinsa sai wanda ya ji. Ga faifan da aka naɗa da kaifi tun asali kuwa, harafin "s" zai riƙa sukar kunne. Kuma duk da sunansa rufaffe, bai toshe hayaniyar waje sosai ba.

Haɗarinsa biyu ne. Urushi ba ya shiri da hasken rana na dogon lokaci, kuma idan ya ɓantare ba gyaran gida ba ne. Sannan matashin kunnensa fatar roba ce, wadda da shekaru takan fara ɓarewa, ko da yake ana samun madadi.

## Denon AH-D9200

Abin dariya shi ne wanda na fi amince wa sautinsa cikin rufaffun Japan ɗin nan ba ma da katako aka yi shi ba. Gora dangin ciyawa ce, ba bishiya ba. Denon ya fitar da shi a 2018, ana harhaɗa shi a masana'antarsu ta Shirakawa, da gorar Japan mai launin zuma da siraran layuka a jere. Ba ya ɗaukar ido daga nesa. Kusa da Fostex sai ka ce ɗan rakiya ne.

Amma sa shi a kai. Bes ɗinsa yana da zurfi ba tare da ya hau kan murya ba, tsakiyar tana inda ya kamata, saman kuma a buɗe yake, da ɗan haske wanda wasu kunnuwan za su ce ya ɗan yi yawa, amma bai kai kaifin Fostex ba. Shi ne irin hedifon ɗin da za ka saurari faifai uku daban-daban da shi ba ka tuna da shi ba, sai kiɗan. Om 24 ne, nauyinsa gram 375, kuma wayarsa tana fita daga ƙoƙon ta ƙaramin soket na milimita 3.5 da aka saba da shi, don haka neman wata waya ba wahala.

Inda ake kuka da shi, ramin matashin kunnen bai da faɗi sosai. Mai manyan kunnuwa ya gwada kafin ya biya. Filin sautinsa ma bai kai na buɗaɗɗu faɗi ba, kuma babu rufaffen da zai kai.

Ga masu son tarihi: tsofaffin Denon na katako, irin su AH-D7000, kamfanin Foster ne ya ƙera lasifikokinsu, wato uwar Fostex. Shi ya sa tsofaffin masu sauraro ke kallon waɗannan biyun a matsayin 'yan gida ɗaya da suka raba hanya.

## Audio-Technica ATH-AWKT

Wannan kamfani, wanda Hideo Matsushita ya kafa a Tokyo a 1962, ya daɗe yana yin hedifon na katako, tun shekarun 1990. AWKT an yi shi da kokutan, baƙin katako mai ratsin ruwan ƙasa, wanda dangin kanya ne. Katako ne mai nauyi da tauri, kuma an bar zanensa a fili. Matashin kunnensa fatar tunkiya ce ta gaske, abin da ya fi na roba ɗorewa idan ana kula da shi. Lasifikarsa milimita 53, om 48, nauyi gram 405. A cikin kwali akwai wayoyi biyu masu tsawon mita uku-uku, alamar cewa don kujerar gida aka yi shi.

Sautinsa siriri ne, mai tsabta, mai haske. Muryar mace da goge da piyano suna fitowa da wani irin kyau da ke da wuyar mantawa. Bes ɗin kuwa a tsare yake, ba ya cika ɗaki. Wanda ya taso daga Fostex zai ce an sace masa rabin kiɗan. Wanda ke sauraron ƙananan ƙungiyoyin kiɗa da muryoyi zai ce yanzu ne aka share masa ƙura daga gilashi. Ba hedifon ɗin kowa da kowa ba ne, kuma shi ne wanda na fi jin tsoron a saya don hoto kawai. Ƙanensa ATH-AWAS, na jan katakon asada, ya fi shi araha da kusan dala 500, kuma sautinsa ya fi ɗumi. Mutane da dama da suka je don baƙin sun fi jin daɗin jan. Soket ɗin wayarsu na kamfanin ne, ana ce masa A2DC, don haka zaɓin waya bai kai na Denon yawa ba.

## ZMF Atrium, da 'yan'uwansa

A nan zan daɗe, domin a nan ne tambayar katako ta fi fitowa fili. ZMF ƙaramin kamfani ne a jihar Ilinoi ta Amurka, kusa da Chicago, wanda Zach Mehrbach ya kafa, kuma da hannu ake harhaɗa kayansa. Atrium ya fito a 2022, buɗaɗɗe, da katakon ceri a matsayin na yau da kullum. Lokaci zuwa lokaci kuma suna fitar da shi a wasu katakai na musamman, ƙalilan, da ƙarin kuɗi. Wato lasifika ɗaya ce, siffa ɗaya, katako ne kaɗai ya canza. Babu wurin da ya fi nan dacewa a gwada ko katako yana magana.

Yana magana, amma da raɗa. Tsakanin ceri da wani katako mai tauri, kunnen da ya saba zai iya kama ɗan bambanci a yadda bugun ganga ke yankewa. Amma ka cire matashin kunne na fata mai ƙananan huji ka sa na fata mai gashi-gashi a kan wannan hedifon ɗin dai, bambancin da za ka ji ya ninka wancan sau da yawa: bes ya sassauta, sama ya canza, murya ta matso ko ta ja baya. Matashin da bai kai dala ɗari ba ya fi katakon ɗaruruwan daloli tasiri a kunne. Abin da katako mai tauri ke ƙarawa tabbas shi ne nauyi. A ma'aunin tauri na Janka, ceri yana wajen 950, wolnot ya ɗan haura 1,000, kokobolo kuwa ya kusa 3,000, kuma katako mai tauri haka yawanci mai nauyi ne. Atrium na ceri ma yana kusan rabin kilo. Akwai kuma katakon da ake ɗura wa ƙaro mai launi har ya cika ramukansa, ya fito shuɗi ko kore kamar dutse mai daraja. Ya fi jure canjin yanayi, amma wuya ne zai biya kuɗin.

Fatar lasifikar Atrium an yi ta da wani zare da ƙwayoyin bakteriya ke saƙawa. Irin wannan fatar ce Sony ya sa a MDR-R10 a 1989, hedifon na katakon zelkoba wanda aka ƙera kusan dubu biyu kacal, kuma har yau masu tarawa ke farautarsa. Sautin Atrium mai kauri ne, mai jiki, mai faɗi. Murya tana zuwa da nama a jikinta. Ka saurari babban goge na tsaye ana fizgar tsirkiyarsa da yatsa: za ka ji fizgar, ka ji katakon kayan kiɗan ya amsa, ka ji amon ya mutu a hankali. Ba shi ne ya fi kowa fito da ƙananan bayanai ba, kuma can ƙarshen ƙasa na bes bai kai zurfin Fostex ba. Amma cikin duk waɗanda ke wannan jerin, shi ne wanda dare ke rabawa ba ka sani ba.

Om 300 ne, kuma a nan kuɗin ke ƙaruwa. Yana buƙatar amfilifaya mai ƙarfi, kuma ya fi sakin jiki da irin mai kwalaben gilashi masu haske, wadda ita ma ba araha gare ta ba. Wanda ke son rufaffe daga gidan, akwai Atrium Closed na 2023, da Vérité Closed wanda fatar lasifikarsa ke da shafen ƙarfen beriliyom, ya fi sauri da kaifi. Ta fuskar ɗorewa, ZMF yana ba mai saye na farko garantin lasifika na tsawon rayuwa, wayarsa tana cirewa, matashinsa iri-iri ne. Sai dai sau da yawa akan jira makonni kafin a gama ƙera naka, kuma zanen katakon da zai iso ba lalle ya zama irin na hoton talla ba. Ice ne, kowane yanki da fuskarsa.

## Grado GS3000x

Grado kamfanin iyali ne a Brooklyn ta birnin New York tun 1953, kuma kayansa ba sa kama da na kowa. GS3000x na 2022 an yi shi da kokobolo, katakon Amurka ta Tsakiya mai ja da ruwan lemo da baƙaƙen jijiyoyi, an kuma sa ƙarfe a cikinsa ya riƙe lasifika mai milimita 52. Om 38 ne. A buɗe yake fayau, ba shi da nauyi, kuma matashinsa soso ne zalla mai siffar kwano, ba fata.

Sautinsa mai rai ne, mai sauri. Jitar lantarki da ƙaho suna tsalle su fito gabanka. Bes ɗin can ƙasa bai da yawa, saman kuma yana da zafi. Masoyansa ba sa jin kira, maƙiyansa ma haka. Abin da zai sa mutum ya yi tunani sau biyu shi ne wayarsa, mai kauri, kuma a manne take. Idan ta lalace sai an kai gyara. A hedifon na kusan dala dubu biyu wannan abin a duba ne. Soson kuma yakan ruɓe da shekaru, ko da yake sauya shi minti ɗaya ne kuma ba tsada.

## Biyu da suka cancanci a ambata

Audeze LCD-3 na Kalifoniya wata dabara ce daban: siririyar fata ce shimfiɗe tsakanin jerin maganaɗisu. Bes ɗinsa a miƙe yake har ƙasa, tsakiyarsa mai zaƙi, samansa a kwance. Katakon zebrano da ke jikinsa zobe ne kawai da ya kewaye lasifikar, ado ne da mariƙi. Ya haura gram 600, kuma wannan kaɗai ya isa ya kori mutane da yawa.

Meze 109 Pro na ƙasar Romaniya, wanda ya fito a 2022 da katakon wolnot, bai kai rabin kuɗin yawancin waɗannan ba. Buɗaɗɗe ne, mai sauƙin ɗauka a kai, sautinsa mai ɗumi da ɗan ƙyalli a sama, kuma da sukurori aka haɗa shi, ba da gam ba, don haka ana kwance shi a gyara. Bai kai Atrium zurfi ba, amma tazarar ba ta kai tazarar kuɗin ba.

Farashin da ke ƙasa shi ne kimanin abin da kamfanonin suka sa a Amurka a lokacin da aka yi wannan rubutu, kuma yakan motsa.

| Hedifon | Katako | Baya | Om | Nauyi | Farashi a dala |
|---|---|---|---|---|---|
| Fostex TH900mk2 | mizume da shafen urushi | rufaffe | 25 | matsakaici | 1,500 zuwa 1,800 |
| Denon AH-D9200 | gora | rufaffe | 24 | matsakaici | 1,600 |
| Audio-Technica ATH-AWKT | kokutan | rufaffe | 48 | matsakaici | 1,900 |
| ZMF Atrium | ceri, ko na musamman | buɗaɗɗe | 300 | mai nauyi | daga 2,500 |
| Grado GS3000x | kokobolo | buɗaɗɗe | 38 | mara nauyi | 2,000 |
| Audeze LCD-3 | zoben zebrano | buɗaɗɗe | 110 | mai nauyi sosai | 1,950 |
| Meze 109 Pro | wolnot | buɗaɗɗe | 40 | matsakaici | 800 |

## Abin da katako zai nema a wurinka

Ice ko an sare shi bai daina numfashi ba. Yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma saurin canjin ne ke tsaga shi, ba laimar kanta ba. Na koyi wannan da kuɗina. Na taɓa barin wani hedifon na katako rataye a gefen tebur kusa da taga na wasu watanni, a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki da rana a kashe ta da dare. Ranar da na ɗauke shi na juya, gefen da ke kallon taga ya koɗe, kuma wata siririyar tsaga kamar gashi ta taso daga ramin sukuru ta nufi baki. Sautin bai canza ko kaɗan ba, abin da shi ma darasi ne. Amma darajarsa a kasuwa ta faɗi, kuma laifin nawa ne, ba na maƙerinsa ba. Laima tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari ita ce katako ya fi so. A ajiye shi cikin akwatinsa, nesa da rana da na'urar ɗumama ɗaki, a goge da busasshen ƙyalle, kada a kusance shi da sinadarin goge gilashi.

Mai sayen na hannu ya nemi hoton kewayen kowane sukuru da wurin shigar waya, domin a nan tsaga ke farawa. Ya kuma tuna garanti ba kullum yake bin abu zuwa hannu na biyu ba. Akwai kuma maganar doka: kokobolo yana cikin dangin itatuwan Dalbergia, waɗanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa wa takunkumin ciniki gaba ɗayansu daga 2017. A 2019 an sassauta wa ƙananan kayayyakin da aka gama ƙerawa, amma kafin a aiko maka da irinsa daga wata ƙasa, tambayar mai sayarwa ba ta ɓaci.

## Wa ya dace da wa

Idan rufaffe kake buƙata, hedifon ɗaya tak za ka saya, kuma kana sauraron kowane irin kiɗa, Denon AH-D9200 ne, muddin kunnenka ya shiga ramin matashinsa. Idan bes ne ya kawo ka, kuma kaifin sama ba ya damunka, ko kana shirye ka rage shi da ikwalaiza, wato abin da ake daidaita hawan sauti da shi, ɗauki Fostex, ka kuma tanadi ƙyalle da wurin ajiya mai inuwa. Mai sauraron muryoyi da goge da piyano a ɗaki shiru, wanda bes ba ya gabansa, ya saurari AWKT da AWAS a jere kafin ya zaɓa, kada ya bari baƙin katakon ya zaɓa masa.

Wanda ke da ɗakin kansa, da amfilifaya mai kyau ko kuɗin sayenta, kuma yana zama awa uku ko huɗu a kujera, Atrium ne nasa. Ya ɗauki na ceri, ragowar kuɗin ya sayi matashin kunne kala biyu. Katako na musamman sai idan ya yarda a ransa cewa don ido yake saye, kuma wuyansa zai ɗauka. Grado na mai son jita da kiɗa mai zafi ne, wanda nauyi ke damunsa kuma ba ya yawo da kayansa. LCD-3 na mai ƙarfin wuya ne da ke son sauti mai laushi ba kaifi. Wanda kuwa wannan ne karonsa na farko a hedifon na katako, kuma bai riga ya san irin sautin da kunnensa ke so ba, ya fara da Meze 109 Pro, ya zauna da shi shekara guda, ya lura da abin da yake ji ya rasa: zurfin bes ne, ko kaurin murya, ko shiru daga hayaniyar waje.